Burin Sabuwar Shekara: Abin Da Na Koya A Nan, Da Abin Da Ban Yarda Da Su Ba

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Ingila, kuma duk watan Janairu abu ɗaya nake gani. Wurin motsa jikin da ke kusa da gidana yakan cika maƙil, sai ka tsaya layi kafin ka samu na'ura. Kafin tsakiyar Fabrairu wurin ya koma fayau. Da farko na ɗauka ai su ma ba su fi mu ba, kowa ya ɗauki alkawari ya ajiye. Sai da na zauna da su a wurin aiki na gane cewa waɗanda suke ɗorewa a cikinsu akwai wani abu da suke yi wanda ni ban taɓa yi ba.

Kafin in zo nan ni ma ina yin buri duk shekara, amma a baki nake yin sa. "Bana in sha Allah zan dage da karatu." Kuma har zuciyata nake faɗa. Sai dai ban taɓa tambayar kaina wane littafi ba, shafi nawa, da ƙarfe nawa, a ina. Idan Disamba ta zo ba ni da ma'aunin da zan ce na cika ko ban cika ba, sai in sake ɗaura irin waccan niyyar. Haka shekaru suka yi ta wucewa.

Wata abokiyar aikina ce ta buɗe mini ido, ba tare da ta sani ba. Ta manna wata 'yar takarda a gefen kwamfutarta, an rubuta: Litinin, Laraba, Juma'a, ƙarfe shida da rabi na yamma, gudun kilomita uku. Na tambaye ta me ya kawo wannan ƙididdigar haka. Ta ce a Janairu tun ƙarfe huɗu duhu yake shiga, ga sanyi, idan ta bari sai ranta ya so fita, ba za ta taɓa fita ba. Don haka ta yanke shawarar tun da wuri, har takalman gudun tana ajiye su a bakin ƙofa tun da safe, don ta yi karo da su idan ta dawo.

Daga baya na gano ba dabararta ce ita kaɗai ba. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna nazarin yadda mutane ke kafa buri, kuma sun nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "zan yi iya ƙoƙarina" kai mutum gaba. A 1999 Peter Gollwitzer ya bayyana wata dabara mai sauƙi: ka ɗaure aikin da wani lokaci ko wuri, ka ce "idan kaza ya faru, zan yi kaza." Yin kudurin ma kansa ba banza ba ne. A binciken da John Norcross na Jami'ar Scranton da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka ɗauki kudurin sabuwar shekara suna nan a kai bayan wata shida, alhali cikin masu son canjin da ba su ɗauki kuduri ba kashi 4 ne kawai suka yi nasara.

Sai na gwada. Na rubuta: idan na zauna a jirgin ƙasa da safe, waya tana cikin jaka sai na karanta shafi goma. Da na sauka in sa alama da biro a kalanda. Shi ke nan. Abin da na karanta a wannan shekarar ya fi na shekaru uku da suka gabace ta a haɗe.

Inda na rabu da mutanen nan shi ne yadda suke wa kansu hukunci. Mura ta kwantar da abokiyar aikin nan tawa mako biyu a Fabrairu. Da ta dawo, takardar ta ɓace daga gefen kwamfutar. Ta ce ta riga ta karya, sai baɗi kuma. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mako shida ta yi tana fita cikin duhu da sanyi, amma ta zubar da shi duka saboda rashin lafiyar da ba ita ta ɗora wa kanta ba. Har manhajar Strava ta masu motsa jiki ta laƙaba wa Juma'a ta biyu a Janairu suna ranar masu sarewa.

Bincike ma bai goyi bayan wannan tsananin ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka wallafa sakamakon a 2009. Matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe aikin ba.

A nan ne na ƙara ganin darajar kalmomin da na taso da su. Idan ka ce in sha Allah bayan ka tsara lokaci da wuri, ka yarda ke nan cewa lafiya da kwana ba a hannunka suke ba, don haka ranar da ka kasa ba ta zama ƙarshen magana. "Gobe ma rana ce" tana cutarwa ne kawai idan babu abin da aka rubuta wa goben. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma na daɗe da haddace shi kafin in san yadda zan yi aiki da shi.

Bana na ƙara layi na biyu a ƙarƙashin na farko: idan na tsallake rana, washegari shafi goma ne, ba ashirin ba. Na rubuta wa abokiyar aikina irinsa a wata 'yar takarda, na ajiye mata a kan tebur.