Ɗan'uwa, Ka San da Wa Kake Gardama Kuwa?

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji.

Abin da ya faru a wani zauren WhatsApp na matasan ikkilisiya cikin makon nan shi ya hana ni yin shiru. Wani yaro ya kawo tambaya, tambaya mai kyau kuwa. Ya ce wasu mutum biyu sun zo ƙofar gidansu da jaka cike da ƙasidu, suka ce masa lalle Almasihu yana nan tun kafin Maryamu ta haife shi a Baitalami, amma shi ne farkon abin da Allah ya halitta. Yaron ya tambaya, "Shin abin da muke koyarwa ke nan, ko da bambanci?" Nan take zaure ya kaure. Wani ya liƙa Yohanna 8:58, inda Yesu ya ce yana nan tun ba a haifi Ibrahim ba, har sau uku da manyan baƙaƙe. Wani ya ce a kai shi a yi masa addu'a, aljani ya shige shi. Wata ta turo hoton wuta tana ci. Kafin dare yaron ya fice daga zauren, ba wanda ya amsa masa abin da ya tambaya.

Haba 'yan'uwa! Wannan ai jifan gafiyar Ɓaidu ne. Mutanen da suka je gidan yaron nan ba su musa cewa Yesu ya riga Ibrahim ba, sun yarda da haka ɗari bisa ɗari. Kai kuma ka zo kana ihu cewa ya riga Ibrahim. To da wa kake faɗa?

Matsalarmu ke nan. Muna da zafi, ba mu da sani. Bulus ya faɗi haka game da danginsa a Romawa 10:2, suna da himma domin Allah, amma ba bisa ga sani ba. Yau maganar ta dawo kanmu. Mun haddace aya huɗu ko biyar, duk wanda ya buɗe baki sai mu jefe shi da su, ba mu tsaya mun ji ta ina ya ɓullo ba.

Masu jayayya kan wannan batu ba hanyarsu ɗaya ba ce. Akwai mai cewa Almasihu bai wanzu ba sam kafin cikin Maryamu, sai dai a cikin nufin Allah da shirinsa. Wannan ra'ayi tsoho ne. An tuɓe Bulus na Samosata daga kujerar bishop na Antakiya a shekara ta 268 kan koyarwa mai kama da wannan, haka Fotinus na Sirmiyum a 351. Daga baya Fausto Sozzini, mutumin Italiya da ya zauna a Foland ya rasu a 1604, ya sake tayar da shi, almajiransa suka buga littafin koyarwarsu a garin Rakow a 1605. Akwai kuma mai cewa yana nan kafin duniya, amma halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Wannan ita ce maganar Ariyus, dattijon ikkilisiya a Iskandariya ta Masar, wanda ya saɓa da bishop ɗinsa Alekzanda wajen shekara ta 318. Shaidun Jehobah na yau kusa da nan suke tsaye, har suna cewa shi ne shugaban mala'iku Mika'ilu kafin ya zama mutum. Sai mu da muke cewa ba shi da mafari, haifaffe ne, ba halitacce ba.

Ka ga kuwa maganin ciwon kai ba ya yi wa mai ciwon ciki. Ayar da za ta tsayar da na farko, na biyu zai karɓe ta da murmushi ya ce "Amin".

Wannan ne ma ya sa nake jin kunya idan na ji wani namu yana cewa a taron Nikiya ne aka tabbatar Yesu ya wanzu kafin haihuwarsa. Ba haka ba ne. Bishop-bishop ɗin da Sarki Kwanstantin ya tara a 325, a garin da yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya, ba su yi gardama kan wannan ba, domin Ariyus da masu ja da shi duka sun amince yana nan kafin duniya. Abin da ya raba su shi ne: madawwami ne ko kuwa yana da mafari? Zatinsa ɗaya da na Uba ko dabam? A ƙarshe bishop biyu kaɗai, dukansu daga Libiya, suka ƙi sa hannu. Rigimar ma ba ta mutu a nan ba, sau biyar aka kori Bishop Atanasiyus, babban mai ja da koyarwar Ariyus, daga Iskandariya a kanta, sai a taron Kwanstantinoful na 381 ƙura ta lafa. Shekara hamsin da shida manyan malamai suna kai da komowa kan wannan magana, kai kuma kana so ka gama ta da hoton wuta.

To yanzu idan mai ra'ayin Ariyus ne a gabanka, ka sani inda zai fara kai ka shi ne Kolosiyawa 1:15, inda kalmar Helenanci ke nufin ɗan fari na dukan halitta. Zai ce ɗan fari ai cikin 'ya'ya yake, saboda haka Yesu cikin halittu yake. Kada ka yi tsaki. Buɗe Zabura 89:27 ku karanta tare, inda Allah ya ce zai mai da Dawuda ɗan farinsa, alhali Dawuda shi ne autan Yesse, yana can wajen kiwo lokacin da Sama'ila ya zo. Ga kuma Irmiya 31:9, an kira Ifraimu ɗan fari, Manassa kuwa shi ne yayansa. Ashe kalmar tana iya nufin matsayi da gādo, ba jerin haihuwa kaɗai ba. Sannan ka ci gaba zuwa aya ta 16 da ta 17, kada ka tsaya inda ya tsayar da kai: ta wurinsa aka halicci dukan abubuwa. Ka haɗa da Yohanna 1:3, babu abin da aka yi wanda ba ta wurinsa aka yi ba. Idan duk wani abin da aka yi ta wurinsa aka yi shi, ta yaya shi kansa zai shiga cikin abubuwan da aka yi?

Zai kuma kawo Karin Magana 8:22. A nan ka yi gaskiya, ayar tana da wuya. Kalmar Ibrananci da ke wurin tana iya ɗaukar ma'anar mallaka, tana iya ɗaukar ma'anar samarwa, tsohuwar fassarar Helenanci kuwa, wadda Ariyus ke karantawa, "halitta" ta ce kai tsaye. Babin yana magana ne kan Hikima, an siffanta ta kamar mace mai kira a bakin ƙofar gari. Wanda ya san haka zai yi magana a natse. Wanda bai taɓa buɗe wurin ba shi ne yake fara zagi, don ba shi da abin cewa.

Idan kuwa mai cewa a cikin shirin Allah kawai ya wanzu ne, wannan hanyarsa dabam ce, kuma ya fi yadda kuke tsammani iya magana. Ka kawo masa Yohanna 17:5, ɗaukakar da Yesu ya ce yana da ita a wurin Uba tun duniya ba ta kasance ba, zai ce maka ai mu ma an ba mu alheri tun fil azal a 2 Timoti 1:9, an zaɓe mu tun ba a kafa duniya ba a Afisawa 1:4, an san Irmiya tun ba a siffata shi a ciki ba. Mu ma mun wanzu ke nan? Zai ƙara da cewa malaman Yahudawa sun lissafa sunan Almasihu cikin abubuwa bakwai da suka riga duniya, suna ne ba mutum ba. Wannan hujja ce ta gaske, ba a kawar da ita da "Allah ya tsawata maka".

Inda ƙafarsa ke zamewa shi ne wuraren da Almasihu ya aikata wani abu kafin haihuwarsa. Filibiyawa 2:6-7 ta ce yana cikin surar Allah, ya wofintar da kansa, ya ɗauki surar bawa. Shiri ba ya ƙasƙantar da kansa, mai rai ne yake zaɓa. A 2 Korantiyawa 8:9 an ce yana da wadata ya zama matalauci dominmu. Yaushe ya yi wadatar, shi da aka kwantar a komin dabbobi? A Yohanna 6:62 ya yi maganar hawa inda yake a dā. Ayoyi irin wannan sun matsa wa Sozzini har ya ce wai an ɗauki Yesu zuwa sama kafin ya fara hidimarsa aka koyar da shi a can, abin da babu Bisharar da ta ba da labarinsa. Ga kuma Yahaya Mai Baftisma, wanda bisa ga Luka 1:36 ya girme shi da wata shida, yana cewa a Yohanna 1:30 ya riga ni kasancewa. A nan ne Yohanna 8:58 take da gurbinta, kuma ka fara daga aya ta 56, don amsa ce ga masu cewa bai kai shekara hamsin ba, ta yaya ya ga Ibrahim.

Wata nasiha kuma, ba kowace sanda ake dogarawa ba. Ku bar jingina da dogon karatun 1 Yohanna 5:7 da ke cikin tsohuwar fassarar Turanci ta 1611, mai ambaton Uba da Kalma da Ruhu a sama. Babu shi a tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci, abokin gardamarka ya sani, zai tsinka ka a gaban mutane. Mika 5:2 ma ka riƙe ta da hankali, domin kalmomin da ake fassarawa da "tun fil azal" su ne Mika ya sake amfani da su a 7:14 yana nufin kwanakin dā kawai. Gaskiya ba ta bukatar ka ɗora mata tubalin toka.

Maƙwabcinka Musulmi kuma, wanda kuke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, shi ba ya cikin waɗannan rukunan. Yana tsaye kan Suratu Ali Imrana aya ta 59, misalin Isa kamar misalin Adamu ne, da Suratun Nisa'i aya ta 171, wadda ta ce Isa manzon Allah ne. Jifansa da wasiƙun Bulus ba tare da ka san abin da ya yarda da shi ba ɓata bakinka ne, zagin abin da yake girmamawa kuwa kowa ya san inda yake kai gari a ƙasar nan.

Ina tsoron wannan zafin namu, 'yan'uwa, don an ga ƙarshensa. Ranar 27 ga Oktoba 1553 aka ƙone Mika'ilu Sarbetus, likita ɗan Sifen, da ransa a birnin Janiba, a zamanin Kalbin, babban malamin Furotesta na birnin, kan wannan batu. An ruwaito cewa addu'arsa ta ƙarshe ita ce, "Yesu, Ɗan madawwamin Allah, ka ji tausayina." Ya ƙi cewa "madawwamin Ɗan Allah". Gurbin kalma ɗaya. Koyarwarsa kuskure ce, ban yi shakka ba, amma waɗanda suka tara itacen nan fa? Su ma aya suke riƙe da ita. Mu ba mu da itace, sai waya, amma zuciyar da ta tura hoton wuta ga yaro mai tambaya, ku gaya mini ina ta bambanta?

Dubi Yustinus Mai Shahada, wajen shekara ta 160, a muhawararsa da Bayahude Tirifo. Tirifo ya ce masa maganar wanzuwar Almasihu kafin zamanai wauta ce. Yustinus bai zage shi ba. Ya amince akwai masu karɓar Yesu a matsayin Almasihu suna ɗaukarsa mutum kawai, ya ce shi bai yarda da su ba, ya ci gaba da buɗe Nassi. Wannan mutum daga baya an sare kansa a Roma saboda bangaskiyarsa, kada wani ya ce tsoro ne ya sa shi taushi.

Saboda haka kafin ka rubuta komai, ka yi tambaya ɗaya: "Kana cewa bai wanzu ba ne, ko kana cewa ya wanzu amma an halicce shi?" Ka jira amsa. Ka karanta babin gaba ɗaya, ba ayar da aka turo maka kaɗai ba. Idan an kawo wadda ba ka sani ba, ka ce "ban sani ba, zan tambayi fasto in dawo", kuma ka dawo ɗin. Bitrus da ya ce mu zauna da shirin ba da amsa, a wuri guda ya ce da tawali'u da bangirma. Mun ɗauki rabin farko mun yar da na biyu, na farkon ma ba mu yi shirin ba.

Shugabannin matasa, malaman makarantar Lahadi, dattawa, ku ma da laifinku. Yaushe rabon da a zauna a bi Yohanna sura ta 1 aya bayan aya a nazarin Littafi? Ƙungiyar mawaƙa da rawa muna da su, gasar haddace aya muna da ita, ma'anar ayar fa?

Ku da kuke cikin zauren nan kun san kanku. Kuna da lambar yaron. Mutanen nan masu jaka za su koma gidansu, sun saba komawa, za su zauna a tabarma su saurare shi har ya gama. Don Allah wani ya riga su zuwa. Ka ɗauki Littafinka, ka fara da ba shi haƙuri, sannan ku buɗe Kolosiyawa sura ta 1.