Wai sai na kawo shaidar ina son matata

Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an ce mutum ya kawo shaidar yana son matarsa a rubuce ba sai da maganar tafiya Ingila ta taso. A ƙauyenmu, nan gefen Gumel, shaidar aure goro ne da alewa da dattawan da suka ji waliyyi ya ce na ba shi, wakili ya ce na karɓa, a shafa fatiha kowa ya kama gabansa.

Matar tawa 'yar Kawu ce, ƙanen Inna, wanda ya tafi Birmingham karatu tun kafin a haife ni ya zauna, can aka haife ta. Sun zo babbar sallah manya suka ƙulla magana, shekara na zagayowa aka ɗaura. Sati uku ta yi a gidanmu sauro ya kusa cinye ta, ta koma bakin aikinta na asibiti aka ce in biyo ta da bizar aure. Kawu ya kira ni a waya ya ce ɗana kar ka damu, takardu ne kawai. Allah dai ya yafe wa Kawu.

Ita nata ɓangaren sai ta nuna tana samun fam 29,000 a shekara, da can 18,600 ne suka ɗaga a watan Afrilun 2024, kuma alhamdulillahi albashinta ya kai. Ni nawa fasfo ne da gwajin tarin fuka da jarrabawar Turanci da takardar aure, sai kuma wannan shaidar da nake faɗa muku. Da zafi-zafi na hau mota Abuja aka ɗau hoton ƙirjina aka ce huhuna garau, na dawo gida ina taƙama na gama ɗaya.

A fasfo aka fara. Katin NIN ya ce ni Muhammadu ne, banki ya ce Mohammed, takardar firamare kuma hedimasta Mamman ya rubuta don haka ya ji ana kirana, takardar auren da Malam Liman ya sa wa hannu ita kuma Muhammad. Mutum huɗu ke nan duk suna auren mace ɗaya. Ranar haihuwa kuwa 1 ga Janairu, kamar rabin samarin garinmu, don wanda ya cike mana fom bai da lokacin tambaya. Na je na durƙusa gaban Inna na ce Inna don Allah yaushe aka haife ni, ta ɗauke kai don ni ne na biyunta amma har yanzu da saura kunya, can ta ce da damina ne, an gama shukar gero, kwana biyu bayan an ce Abacha ya rasu. To Abacha 8 ga Yunin 1998 ya rasu, ke nan katin gwamnati ya ƙara min wata biyar da ban ci ba. Na sha zirga-zirga tsakanin kotu da Dutse ina rantsuwa cewa mutanen nan huɗu duk ni ne, wata da watanni, har mai shayin tasha ya daina tambayata me zai haɗa min.

Sai hotuna. Ta ce in turo hotunan biki da muke tare. Wane tare? Hoton ɗaurin aure maza ne zalla sun fi ɗari a ƙofar masallaci, babu ita, ni ma angon sai ka ƙura ido za ka ga hulata a bayan wani mai babbar riga. Hoton kai amarya kuma ga ta nan tsakiyar gwaggonni an lulluɓe ta ruf, in ka ce buhun gyaɗa ne aka yafa wa mayafi babu mai musu. Hoto ɗaya tak muka samu mu biyu, ƙanwata ta ɗauka a ɓoye, ni ina kallon gabas ita tana kallon yamma, tsakaninmu akuya.

To ai sai aka koma kan hirar WhatsApp, kuma duk abin da ba Turanci ba sai an kai wa mai fassara ya fassara ya sa hannu da adireshinsa. Yaya ne ya raka ni Kano, babban wanmu, wanda ko sunan matata ban taɓa kamawa a gabansa ba, a wayata ma 'Yar Kawu na sa mata. Mai fassarar wani dattijo ne mai gilashi a kan hanci, ashe shi ba ya iya aiki sai yana karantawa da ƙarfi. Shafi na ɗaya ina kwana, lafiya lau, ya sanyi, da sauƙi, ya Inna. Shafi na biyu haka, na goma haka, mutumin ya ɗago ya ce malam wannan matarka ce ko surukarka? Yaya ya yi dariya ni ma na yi, hankalina kwance, na manta da wani dare da aka yi ruwa garin ya yi sanyi shaiɗan ya zauna min a yatsa.

Kawai sai ji na yi dattijo ya gyara murya ya ce, tauraruwar zuciyata, ko fura na dama sai in ga fuskarki a cikin ƙwarya. Bai tsaya nan ba wallahi, ya juya wajen YAYA ya ce Alhaji ƙwarya ɗin nan in sa ta yadda take ko in ce kwano don Bature ya gane? Yaya ya ce a bar ta ƙwarya. Daga Kano har Gumel a mota ko tari ban yi ba.

Jarrabawar Turancin ba wuya, matakin farko ne A1, magana da sauraro kawai, ku biyu ake zaunar da ku gaban mai tambaya. Malamin firamarenmu ya horar da ni sati biyu a gindin darbejiya, abin da kawai ya manta ya gaya min shi ne za ta iya zama mace, haka na yi ta zuba mata yes sa har aka tashi. Na dai ci.

Na tattara komai na tura mata, sai ta ce min duba kwanan watan takardar tarin fukan nan. Ashe wata shida take yi ta mutu, ni kuma ina can ina rantsuwa a kotu ta cika ban sani ba. Na koma Abuja tsakiyar hunturu, bayan kwana uku ina sussukar gero, ƙura ta cika min maƙogwaro, kuma a duk duniya babu inda tari ya ga damar kama ni sai cikin layin gwajin tari. Mutanen benci suka dare kamar an jefa maciji. Ina cewa ƙaiƙayi ne wallahi ƙaiƙayi ne, wata mata ta ja ɗanta ta koma bakin ƙofa. Hoton dai ya fito lafiya.

Kuɗin biza da kuɗin asibitinsu da ake biya tun kafin ka taka ƙasar, fam 1,035 duk shekara, ita da Kawu suka ɗauka, amma kuɗin mota da kotu da fassara sai da bijimina ya ga kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Yanzu an ɗau zanen yatsuna, an ce in jira kamar sati 12. Inna har ta sa an yo min kilishi na tafiya, 'yar Kawu ta ce ba a shiga da nama, to na cinye shi ni da yaran gida. Yaya kuma bai ce min komai ba har yau, sai dai duk ranar da aka kawo mana fura zai tura min ƙwaryar tukuna ya ce duba ko tana ciki kafin mu sha.