Gidan waje ya faɗi, bashin bai faɗi ba

Jiya a majalisarmu ta Unguwar Rimi wani Alhaji yake cewa wai gidan da ya saya da bashin banki a Landan tunda farashi ya karye, kawai zai miƙa musu makulli kowa ya kama gabansa. Na ce Alhaji ai ba haka abin yake ba wallahi.

Banki kuɗi ya ba ka, ba tarayya kuka yi a gidan ba. Misali ka ranto fam 200,000, gida ya koma 170,000, in sun ƙwace sun sayar to cikon 30,000 ɗin nan yana wuyanka, ga kuɗin lauya ga na dillali, kuma a Ingila suna da shekara 12 su bi ka kan uwar kuɗin. Wasu jihohin Amurka ne ake iya ajiye makulli a tafi, shi ma ba kowane bashi ba.

Ga naira kuma, tun 2023 da aka bar kasuwa ta riƙa yanke mata daraja, mai biyan bashin fam daga nan Kaduna shi ya san zafin da yake ji duk wata.

In kuɗin haya na rufe biyan wata, Alhaji ka riƙe abinka, in ba ya rufewa ka kira bankin tun kafin ka tsallake wata ɗaya, ku zauna a tsawaita maka lokaci.