Karen da ya dawo daga daji da rauni, kada a sake shi cikin yara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da zarar an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, farauta ta buɗe ke nan. Wanda yake zaune a bakin garin Kaduna, Rigasa ko Rigachikun ko Maraban Jos ko hanyar Kujama, ya saba ganin samari da sassafe riƙe da gora da adda, karnuka na biye da su. Da yamma a dawo da zomo ko gafiya, wani karen kuma ya dawo da kunne a yage ko hanci na jini. Abin da aka saba shi ne a shafa masa baƙin mai ko toka, a ce ai kare ne, zai lashe abinsa ya warke. Washegari yana tsakar gida yara na jan wutsiyarsa. A kan wannan raunin nake so mu yi magana, domin ta irinsa ciwon haukan kare yake shigowa gida.

Tambayar farko ita ce, me ya cije shi? Ƙwayar cutar tana cikin miyau, kuma duk dabba mai shayarwa tana iya ɗaukarta. Dila, tunku, yanyawa, kyanwar daji, kura, jemage, duk abin tsoro ne. Zomo da kurege da gafiya da wuya a same su da ita. Damo da guza da maciji da tsuntsu kuwa ba sa ɗauka sam. Akwai alamar da mafarauta ya kamata su riƙe da kyau: dabbar daji mai lafiya gudun mutum take yi. In ka ga dila da rana tsaka ya nufo ruga ba tsoro, ko tunku ya tsaya yana kai wa karnuka cizo maimakon ya shige rami, ko jemage a ƙasa yana birgima ya kasa tashi, kada ka ɗauka sa'a ce ta zo maka. Ka janye karnukanka, kuma kada yaro ya taɓa.

Gaskiyar magana kuma, a ƙasarmu yawancin cutar nan tsakanin kare da kare take yawo, sau da yawa ma dabbar dajin daga karen ƙauye ta samo ta. A wajen farauta karnukan garuruwa daban-daban ke haɗuwa, su kaure da faɗa a kan nama. Saboda haka ko yaronka ya rantse maka ba dila ba ne, karen wasu ne ya yage shi, maganar ba ta canza ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun da ke biyo bayan cizon. Ƙwayar ba ta bin jini, jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki alhali ɗaki na tsaye. Raunin ya warke, gashi ya rufe wurin, kare yana ci yana wasa yana haushi da dare. Daga mako biyu har watanni zai iya yi a haka, in cizon ya yi kusa da kai kuma ya fi sauri. Babu gwajin jinin da zai nuna maka tana jikinsa a wannan tsakanin. Ana tabbatarwa ne da ƙwaƙwalwar dabba bayan ta mutu, shi ya sa in an kashe dabbar da ake zargi bai kamata a farfasa kanta ko a soke ta a tsire ba, likitan dabbobi za a kira.

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa da maganar kwana goma. Sun ji ana cewa a ɗaure kare kwana goma, in bai mutu ba shi ke nan. Wannan ƙa'idar ta karen da ya ciji mutum ce. Dalilinta shi ne ƙwayar ba ta sauka cikin miyau sai ta riga ta kai ƙwaƙwalwa, kuma daga nan kare ba ya daɗewa, cikin 'yan kwanaki alamu za su fito ya mutu. In ya cika kwana goma garau, to ranar da ya yi cizon babu cutar a miyansa. Amma karen da shi aka ciza, kwana goma ba ta wanke shi. Yana iya wuce goma, ya wuce talatin, sannan ta tashi. Don Allah a bambance waɗannan biyun, domin rai ne a tsakani.

To me za a yi ranar da ya dawo? A sa safar hannu ko leda mai kauri, domin miyan waccan dabbar yana iya kasancewa a gashinsa, a wanke raunin da ruwa da sabulu sosai, a kai shi asibitin dabbobi a ranar. In yana da riga-kafi, za a ƙara masa allura nan take, a tsare shi a gida ana lura da shi, a ƙasashe irin su Amurka kwana 45 suke yi. In kuwa bai taɓa ganin allura ba, maganar tana da nauyi. Ko dai a killace shi a keji na watanni huɗu zuwa shida, ba yaro ba akuya ba wani kare, ko kuma a haƙura da shi likita ya kashe shi ba tare da azaba ba. Na san zafin wannan ga saurayin da ya reni karensa tun yana ɗan kwikwiyo, ya koya masa bin sawu, yana raba tuwonsa da shi. Ban raina wannan shaƙuwar ba. Amma ƙaninsa mai shekara biyar da yake kwana a tabarma ɗaya da shi ya fi karen.

Kuma kada a zauna jiran sai an ga kare yana bin mutane da cizo. Akwai nau'in da ba ya zuwa da hauka ko kaɗan. Kare zai yi laƙwas, ya nemi lungu, muryarsa ta canza, muƙamuƙinsa ya saki, miyau na dalala ya kasa haɗiya. Mai shi sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a bakinsa zai ciro. In akwai ƙwarzane ko tsaga a yatsa, ta samu hanya. Makiyaya ma su ji wannan, domin saniyar da ta kamu haka take yi, kamar ta shaƙe da wani abu, tana ta kuka da wata irin murya.

In ƙaddara ta sa ya ciji mutum ko ya yakushe shi ko ya lashi wani ciwo a jikinsa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na minti goma sha biyar cur, a sa ayodin ko sifirit, a wuce asibiti a fara allurar haukan kare a ranar, ba a jiran ƙarshen kwana goman. Allurar tetanas da ake yi a kemis daban take, ba ta tare wannan. Gashin kare da ake ƙonawa a barbaɗa, da sauran saƙe-saƙin gida, ɓata lokaci ne kawai. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa yana firgita da iska, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro kuma ɓoyewa yake yi, musamman in an hana shi wasa da kare, don yana tsoron duka. Iyaye mata, in kun ga ƙwarzane a ƙafar yaro ku tambaya da lallami.

Ni a ganina tushen matsalar a gidajenmu ita ce kare ba shi da uba. Maigida yana ƙyamarsa, ba ya taɓa shi, in ka tambaye shi sai ya ce na yara ne. Amma da dare haushinsa yake saurara, musamman yanzu da rashin tsaro ya sa unguwannin bakin gari suka cika da karnukan gadi. Addini ya yarda da ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk dabbar da ka ajiye kana cin moriyarta haƙƙinta yana wuyanka, haka ma haƙƙin maƙwabcin da za ta ciji ɗansa. Alhaji, in karen yana kwana a ƙofar gidanka, naka ne. Ba sai ka taɓa shi ba, ka ba yaran kuɗin allura da na mota, ka ce su kawo maka katin shaidar riga-kafi ka gani da idonka. Ana fara yi masa yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma kuɗinta bai kama ƙafar abin da za ka kashe a allurar mutum ɗaya ba.

Ba mu da uzurin nisa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato tana yin wannan riga-kafin, ga asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ga likitocin dabbobi a cikin garin Kaduna. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan rasa inda za ta bi. Zuba guba a bola don a kashe karnuka ba ya kawo wannan, wasu ne za su cike gurbin, ga haɗarin gubar ga yara da awaki.

Roƙona ga sarakunan baka da shugabannin 'yan sintiri da masu unguwanni: ku sa doka a tsakaninku, karen da ba shi da kati ba ya fita farauta. Ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya 28 ga Satumba ce, ta faɗo daidai ƙarshen damina. Allurar farko tana buƙatar kamar wata guda kafin ta kama jiki, don haka in aka tara karnuka a ƙofar mai unguwa a wannan makon aka gayyato likita, kafin a gama girbi a shiga daji ta riga ta kama. Waɗanda suka riga suka fita bana ba allura, su kai nasu wannan satin, mai rauni a jiki kuma a gaya wa likita ranar da aka cije shi da abin da ya cije shi.