Da ba a raba ba, da me zai faru?

Duk lokacin da na ji wani jami'i a rediyo yana cewa shirin tallafinsu ya yi gagarumar nasara don mutum dubu kaza sun amfana, sai wata tsohuwa ta faɗo mini a rai, a wani ƙauye ta hanyar Giwa.

Shekarun baya ina cikin matasan da aka ɗauka aikin cike takardun tambayoyi na wani shiri da ya raba wa mata awaki bibbiyu. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, shi yana gefe da carbinsa, matan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Tambayar farko ita ce, shin shirin ya amfane ki? Duk wadda ta durƙusa amsarta ɗaya: Alhamdulillahi, mun gode, Allah ya saka. Da azahar ta yi na nemi ruwan alwala, tsohuwar nan ta ce in shigo, ai ni jika ne. A tsakar gidan na ga turke da igiya a ɗaure, ba akuya. Na ce, "Inna, ina awakin?" Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ɗan nan, ɗaya da zawo ta zo, ko sati biyu ba ta yi ba ta mutu. Ɗayar na sayar na kai jikana asibiti. Amma don Allah kada ka rubuta, kada a cire sunana in an zo rabon gaba."

Na gaya wa shugaban tawagarmu a mota. Ya ce takardar ba ta da gurbin wannan bayani. Har yau abin yana ci mini rai.

Inna ba ƙarya ta yi mana ba. Mu ne muka yi tambayar da ba ta da wata amsa sai godiya. A al'adarmu wa zai karɓi kyauta, a tambaye shi a gaban mai unguwa, ya ce ba ta yi masa rana ba? Ga kunya, ga tsoron rasa na gaba. Saboda haka yawan masu cewa sun ji daɗi ba ya nuna komai sai ladabin mutanenmu. Yawan waɗanda aka raba wa kuwa lissafin rabo ne kawai, abin da akawu ke buƙata don rufe littafinsa.

Tambayar da ta dace manomi ya fi kowa saninta. Ka zuba sabon taki bana, gona ta yi kyau. Takin ne, ko daminar ce ta yi albarka? Ba za ka sani ba sai in akwai kunyoyin da ba ka zuba wa ba, a gona ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya. Aikin da ake yi a gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) a Samaru, Zariya, ke nan tun kafin a haifi yawancinmu. Abin da ke damuna shi ne, a kan masara da auduga mun yarda da wannan tsantseni, amma in aka zo kan rayuwar talaka sai mu wadatu da hoton ranar rabo.

Kuma bincike na tsanaki a kan mutane ba baƙo ba ne a Zariya. A ƙarshen shekarun 1960 masanin tattalin arzikin noma David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun bi gidajen manoma a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna komawa akai-akai har shekara ta zagayo, suna rubuta aikin da aka yi da abin da aka girbe. A lokacin masana suna ganin haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Lissafin ya nuna manomin ne ke da gaskiya: haɗin ya fi ba shi amfani, ya kuma fi kare shi daga asara in shekara ta ɓaci. Da zaman yini ɗaya a kan tabarma aka yi, da ba a gano haka ba.

Hanyar da ta fi gamsar da ni ita ce ƙuri'a. A Meziko, da za a fara shirin Progresa na ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin tura yara makaranta da asibiti, a 1997, an ware ƙauyuka 506. Ƙuri'a ta fitar da 320 suka fara karɓa, 186 suka shigo daga baya. Tunda ba wanda ya zaɓa da hannu, rukunan biyu kusan daidai suke a talauci da komai, don haka bambancin da ya bayyana daga baya na shirin ne. A nan gida ma an yi. A gasar YouWiN ta 2011, wadda gwamnatin tarayya ta shirya don ba masu tsarin kasuwanci jari, cikin mutum 1,841 da suka kai matakin kusa da ƙarshe an fitar da 729 ta ƙuri'a, sannan David McKenzie na Bankin Duniya ya bi sawun waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba har shekaru. Ya tarar waɗanda suka samu sun fi ɗorewa a sana'a, sun kuma fi kaiwa ga ɗaukar ma'aikata goma ko fiye. A Jigawa da Zamfara kuma an gwada ba mata masu juna biyu naira 3,500 duk wata har yaro ya cika shekara biyu, tare da faɗakarwa kan shayarwa da abinci, a ƙauyuka 210. Can ba godiya aka ƙirga ba, tsawon yara aka auna, aka ga tsumburewa ta ragu.

Na san abin da wasu za su ce: ya za a hana mabuƙaci don a yi gwaji da shi? Tambaya ce mai nauyi, kuma akwai abin da bai halatta a jinkirta wa kowa ba, kamar abinci ga mai yunwa ko magani ga mara lafiya. Amma mu faɗi gaskiya, wane tallafi ne ya taɓa isar kowa a Tudun Wada ko Sabon Gari? Kullum wasu suna samu wasu suna rasawa, kuma mun san yadda sunaye ke shiga takarda: wa ka sani, wa ya san ka. In dai abin ba zai isa ba, ƙuri'a a bainar jama'a ta fi adalci. Manzon Allah (SAW) ma in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa.

Sai dai ƙuri'a kaɗai ba za ta magance matsalar tabarmar mai unguwa ba. Dole a auna abin da ido ke gani. Da aka fara ciyar da 'yan firamare a jihar Kaduna a 2016 yara sun cika makarantu, amma rajista ba ta faɗin nawa ne ke zaune a aji bayan an kwashe kuloli, balle nawa ne suka iya karatu. Wannan sai an shiga aji ba sanarwa, an ƙirga kawuna, an miƙa wa yaro takarda ya karanta. Dole kuma a auna halin da mutane ke ciki kafin rabo. Sannan mai rabon ba shi ne zai yi wa kansa maki ba, don albashinsa a kan nasarar yake.

Ga ɗalibai nan birjik a harabobin ABU na Samaru da Kongo, kowace shekara suna rubuta kundin kammala karatu da takardun "na yarda" da "ban yarda ba" da abokansu suka cike musu. Ina roƙon malamanmu su tura wasunsu bin sawun shiri guda na gaske. Su je kafin a raba awakin, su koma bayan shekara, da mace a cikinsu wadda za ta shiga cikin gida ta zauna da matan su kaɗai, ta duba turke da idonta.