Yaran Sifaniyanci a ajin Turanci: an zuba su a kwando ɗaya

A makarantun gwamnati na Amurka akwai yara wajen miliyan 5 da ake kira masu koyon Turanci, kuma kusan uku cikin huɗu nasu Sifaniyanci ake yi a gidajensu. Ranar rajista ana miƙa wa iyaye takarda su rubuta harshen gida. Da sun rubuta Sifaniyanci sai a gwada Turancin yaron, a ba shi mataki. Ni dai abin bai kwanta mini ba. An auna abin da yaro ya rasa, abin da ya zo da shi kuwa galibi ba mai tambaya.

Ga yarinya ta zo daga Bogota, babban birnin Kolombiya, ta gama aji huɗu, tana karanta littafi da Sifaniyanci ba gargada, amma ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba. Kusa da ita ga yaro haifaffen Los Anjeles, Turancin filin wasa kamar ruwa a bakinsa. A ba shi shafi ɗaya na kimiyya ya faɗi abin da ya fahimta, sai sosa ƙeya. Sifaniyancin nasa ma iyakarsa hira da kaka. Malami mai gaggawa zai ce yaron ne a gaba, alhali sau da yawa yarinyar ce ke wucewa, don ta riga ta san yadda ake bin rubutu, baƙaƙen Sifaniyanci da na Turanci ma kusan iri ɗaya ne. Jim Cummins, masanin harshe a Kanada, ya daɗe yana nuna cewa Turancin hira kan samu cikin shekara biyu, na karatu kuwa sai biyar zuwa bakwai.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran tsaunukan Guwatemala masu harshen K'iche' ko Mam, da 'yan ƙabilar Mixtec daga jihar Oaxaca ta Meziko. Sunan mahaifi na Sifaniyanci ne, sai a haɗa su da malama mai Sifaniyanci a ɗauka an gama, alhali shi ma harshen aro ne a wurinsu.

Jihar Kalifoniya ta kaɗa ƙuri'a a 1998 ta taƙaita koyarwa da harshe biyu, a 2016 ta warware. An sha cacar baki kan harshen da malami zai yi magana da shi, amma yaran nan kashi uku kowa buƙatarsa daban. Kafin a ba yaro aji, a sa shi ya karanta shafi da Sifaniyanci, a kuma tambayi uwarsa da wane harshe take yi masa faɗa.