Ku daina rufe ɗanyen katako da fenti

Jiya da la'asar aka kira ni wani gida a Tudun Wadar Zariya in duba wadirof ɗin wata amarya. Ko wata uku ba ta cika a ɗakinta ba. An yi mata jere a ƙarshen damina, yanzu hunturu ya buso, murfi biyu sun ƙi rufuwa, ɗaya ya kantare kamar baka, allon gado kuma ya tsage har ɗan yatsana na shiga. Uwarta na tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "Malam, wallahi awakina na sayar na haɗa kuɗin nan." Da na kankare fentin, sai ga garin katako da gam an cusa a ko'ina. Ɗanyen malaina ne, aka fere shi da ruwansa, aka shafe shi da fenti mai ƙyalli.

'Yan uwana kafintoci, musamman ku samarin da kuka buɗe shago kwanan nan, da ku nake. Ni ma sana'ata ke nan, kuma ina ƙaunarku, amma abin nan ya ishe ni.

Wane ne cikinku bai san katako yana tsukewa in ya bushe ba? Ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa ba ya canzawa sosai, shi ya sa haɗi ke buɗewa, ƙofa ta murɗe, ƙusa ta saki. Yawancin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako na Sabon Gari daga Kudu yake zuwa, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara. Iroko ne, ko afara, ko obeche, da ruwansu suke sauka daga tirela. Mu kuwa a Zariya, daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓenka ma tsagewa yake yi, balle allon da ka saya ranar Litinin ka haɗa ranar Laraba. Kun sani sarai. Nauyinsa a kafaɗa ya gaya muku, zarto na cijewa ya gaya muku, garin da ke fita a dunƙule ya gaya muku. Amma sai ku ce, "Ai fenti zai rufe."

Fenti zai rufe har zuwa yaushe? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma ranar mai kaya a garin nan ita ce ranar da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Na ga ƙofar kicin a Samaru da sai an doke ta da kafaɗa. Na ga kantar littattafan wani malami a Kongo ta lotsa a tsakiya. Na ga firem ɗin taga a Hanwa ya rabu da bango har ƙadangare na wucewa. Duk ciwo ɗaya ne.

Ku tuna hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Danshi a ciki, kyau a waje. To me ya raba wannan da wadirof ɗin jiya?

Ga kuma karɓar kafin alƙalami a wurin mutum biyar, a kashe kuɗin a sabuwar waya, sannan a kashe wayar in mai aiki ya kira. Sai biki ya rage kwana huɗu a ruga kasuwa a kwaso duk abin da aka samu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ma masu ba da aiki kuna da naku laifin, kuna son maɗaci a kuɗin malaina, alhali araha ba ta ado. Amma kai kafinta, bakinka ciwo yake yi da ba za ka ce, "Hajiya, wannan bai bushe ba, a ƙara mini lokaci"? Ku ji tsoron Allah, ku yi haƙuri da katako ya sha iska.

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, yakan jera allunan a inuwa bayan shago, ya sa 'yan sanduna tsakaninsu, su yi wata da watanni. In ka taɓa ɗaya kafin ya ba da izini, ranar sai ka yi da-na-sani. Yakan ƙwanƙwasa allo da bayan yatsa, ya saurara, ya ce, "Da saura." Garin nan fa shi ne garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen 1830 da 'yan kai, ya ɗaure bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, da azarar giginya, har yau ana zuwa kallo. Akwatin auren kakata na nan a cikin birni, murfinsa na rufuwa lif kamar jiya aka yi shi. Yau kuwa yaro ya yi wata shida yana goga sanfefa, ya sayi injin feshi, ya kafa allon suna a bakin titi. Da na fito daga gidan nan jiya, uwar amaryar ta biyo ni har zaure tana tambaya ko zai gyaru, na rasa abin da zan ce mata.